Yadda ake tsara masana'antar tace zinariya ta hanyar kumfa

Tun lokacin da zinariya ta bayyana a yankin Ɗan Isa cikin shekarar 2021, haɗe da abin da ƴan'uwanmu suka gano wa idonsu a Jado da Cibarakaten tun 2014, ƴan kasuwar Maraɗi da dama suka fara tunanin wuce matsayin sayen gari a bakin rami, su kafa tasu masana'antar tacewa. Kusan duk wanda ya zo wurina da wannan magana yakan zo da hotunan injuna a wayarsa, waɗanda wani dillali ya turo masa daga Sin, kuma tambayarsa ɗaya ce: nawa ne injin da zai ci tan 100 a rana? Idan na tambaye shi sakamakon gwajin dutsen da injin zai ci, sai a yi shiru. Saboda irin waɗannan mutane na yi wannan rubutu, kuma mai karatu zai ga na daɗe a kan matakan farko fiye da na ƙarshe, domin a nan ne na ga dukiya ta salwanta.

A taƙaice ga yadda hanyar take, wadda injiniyoyi ke kira fulotasiyo. Ana niƙa dutse ya zama gari mai laushi ƙwarai, a dama shi da ruwa ya zama kamar kunu, a zuba magani kaɗan wanda ke manne wa ƙwayoyin zinariya da na ma'adinai masu farar wuta har ya hana su jiƙa, sannan a hura iska a cikin tukunyar da ake motsa kunun. Ƙwayoyin da suka ƙi ruwa sai su maƙale wa kumfa su taso sama a kwashe su, farin dutse da sauran ƙasa kuma, waɗanda ake kira ragowa, su wuce ta ƙasa. An fara cin moriyarta sosai a ma'adinan Broken Hill na Ostireliya a farkon ƙarni na 20, kuma maganin zantat da ake dogara da shi har yau ya shigo aiki a 1925. Abin da ya kamata mai kuɗi ya riƙe shi ne, wannan masana'anta ba ta fitar da zinariya a dunƙule. Tana fitar da tataccen gari mai duhu, wanda nauyinsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na dutsen da aka zuba ba, kuma zinariyar tana nan a cikinsa tana jiran wani aikin.

Mataki na farko: ka san dutsenka tun daga sama har ƙasa

Jijiyar zinariya ɗaya takan zo da dutse iri biyu ko uku. Na sama, wanda ruwan sama da iska suka ci tsawon zamani, ja ne ko ruwan ƙasa, yana da tsatsa da yumɓu, yana da sauƙin fashewa, kuma ma'adinan farar wuta da ke cikinsa sun riga sun ruɓe sun saki zinariyarsu. Na ƙasa kuwa mai tauri ne, toka-toka ko kore-kore, za ka ga firit, wato ma'adinin ƙarfe da farar wuta, yana ƙyalli a cikinsa kamar zinariya, wani lokaci tare da arsenofirit mai ɗauke da gubar arsenik, ko ma'adinin tagulla, ko dutsen tozali wanda dalma ce a cikinsa. A tsakaninsu akwai gauraye. Wani wuri jan dutsen yana ƙarewa a mita 10, wani wuri yana wuce mita 50. Hanyar kumfa ta dutsen ƙasa ce. Jan dutse ba ya ba magani wurin kamawa, yumɓunsa kuma yana lulluɓe ƙwayoyi, yana shanye magani, yana cika kumfa da laka.

Na ga wannan da idona, kuma ina cikin masu laifin. Wani Alhaji ya nemi in duba masa tsarin da zai saya, ya kawo mini buhu biyu na dutse daga ƙasan rami mafi zurfi a wurinsa, masu haƙa sun tsince su da hannu domin su faranta masa. Dutse ne mai kyau, cike da firit, kuma a gwaji ya taso yadda ake so. Ban je wurin da kaina ba, ban tambayi kashi nawa na abin da ake fitarwa kullum ne yake kama da wannan ba. Da aka kafa tukwane aka fara aiki, sai ga shi abin da motoci ke saukewa jan dutse ne daga ramukan da ba su yi zurfi ba, domin shi ne mai yawa kuma shi ne mai sauƙin haƙa. Kumfa ta riƙa tasowa ja, mai kauri, ba nauyi, zinariya kuma tana bin ragowa zuwa tafki. Muka ƙara magani, muka sauya magani, muka rage gudun injin, babu abin da ya gyaru, saboda matsalar tana cikin buhunan nan biyu da na karɓa ban yi bincike ba. Tukwanen suna nan ajiye har yau.

Don haka samfuri a wurina yana da ƙa'idoji da ba na sassautawa. Kada mai haƙa ko mai sayar da dutse ya zaɓa maka. Kai ko masanin ƙasa da ka ɗauka ne za ku sauka ku ɗiba. A jikin jijiya ana sassaƙa layi ne daga gefe zuwa gefe da kurfi, a tara duk abin da ya faɗo a kan tamfol, mai kyau da maras kyau, har da ɗan dutsen bango da dole zai shiga lokacin haƙa. Idan tarin dutse ne a ƙasa, a ɗiba daga wurare masu yawa har da cikin tarin, a gauraya, a raba huɗu, a ɗauki biyu masu fuskantar juna, a sake har ya kai adadin da ake so. Kowane iri a ware shi daban, na sama daban, na tsakiya daban, na ƙasa daban, kuma kowanne ya kai kilo 50 zuwa 100, a rubuta rami da zurfi a jikin buhu. Dutsen farar wuta kada a niƙa shi kafin a tura, kada a bar shi a rana ko a jiƙe, domin fuskarsa tana yin tsatsa cikin ɗan lokaci, sai gwaji ya nuna maka abin da ba haka yake ba. Mafi inganci duka shi ne a huda ƙasa da injin ɗaukar samfuri a fito da sandar dutse daga zurfin da za a kai nan da shekara biyar. Yana da tsada, na sani, amma tsadarsa ba ta kai ta injin niƙa guda ba.

Wata ƴar dabara mai arha: a cikin samfuran da za ka tura, ka raba guda biyu ko uku gida biyu ka ba su lambobi daban, ka kuma saka buhu ɗaya na farin dutsen da ka tabbata babu komai a cikinsa. Idan tagwayen suka dawo da sakamako mai nisa da juna, ko dai zinariyarka manyan ƙwayoyi ce da ba ta rabuwa daidai, wanda shi ma labari ne mai amfani, ko kuma ɗakin gwajin ba shi da tsabta. Idan farin dutsen ya dawo da zinariya, ka sauya ɗakin gwaji.

Mataki na biyu: gwajin da zai faɗa maka ko kana bukatar wannan masana'anta

Awon zinariya na gaskiya shi ne na wuta, inda ake narkar da giram 30 ko 50 na gari. Akwai ɗakunan gwaji na kasuwanci da ke yin sa a Wagadugu da Bamako da Tarkwa ta ƙasar Gana, cikakken gwajin kumfa kuwa mutane da yawa suna tura shi Afirka ta Kudu, inda cibiyar binciken ma'adinai ta Mintek take. Kafin ka kashe wannan kuɗi, ka fara nuna dutsen ga malaman ilimin ƙasa na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi ko na makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, ko da don su faɗa maka sunayen ma'adinan da ke ciki. Ban yarda da gwajin da mai sayar da injin zai yi maka kyauta ya zama shi kaɗai ne madogararka ba, tunda shi abin da yake so shi ne ka saya.

Tare da zinariya ka nemi a auna azurfa, farar wuta, arsenik, dalma, tagulla da kuma gawayin da ke cikin dutsen. Dalma musamman kada a tsallake ta. Dutsen kudancin Maraɗi ci gaba ne na tsohon dutsen da ya ratso Zamfara da Katsina, kuma a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Hanyar kumfa tana tattara dutsen tozali tare da firit, wato tataccen garinka zai fi ɗanyen dutsen yawan dalma ninki da yawa, kuma dole tsarin busarwa da ajiya ya san da haka tun daga takarda.

Gwaji na gaba shi ne wanda yake iya rusa duk shirin, shi ya sa nake son a yi shi da wuri. A niƙa samfurin a juya shi cikin kwalba da ruwan siyanur, wato guba mai narkar da zinariya, awa 24 zuwa 48. Idan fiye da kashi 90 cikin 100 na zinariyar ya narke, dutsenka mai sauƙin kai ne, kuma mai yiwuwa tankunan siyanur da gawayin da ke kamo narkakkiyar zinariya sun ishe ka, irin tsarin da mahaƙar Samira ta jihar Tilaberi ta fara aiki da shi a 2004. A irin wannan hali kumfa tana da amfani ne kawai idan kana son rage yawan garin da zai taɓa siyanur. Idan kuwa abin da ya narke bai kai kashi 80 ba, zinariyar a kulle take cikin firit ko arsenofirit, ko kuma gawayin dutsen yana sake kama ta, to a nan kumfa ta zama dole, amma ita kaɗai ba za ta kai ka gida ba.

Sauran gwaje-gwajen su ne za su ba ka lambobin zane. A gwada nawa ake kamawa da nauyi kawai, a kan tebur mai girgiza ko injin juyi irin Knelson. A niƙa a matakai huɗu, misali mikron 150 da 106 da 75 da 53 (mikron dubu ne milimita ɗaya), a ga inda ƙarin laushi ya daina ƙara zinariya. Yawanci amsar tana kusa da kashi 80 na gari ya ratsa rariyar mikron 75, amma idan dutsenka ya yarda da 106 ka samu rangwamen lantarki na tsawon rayuwar masana'antar. A kwashe kumfa a minti 1, 3, 5, 10 da 15 a auna kowacce daban, domin a san lokacin da take gama tasowa. A auna taurin dutsen da ma'aunin Bond, wanda ke nuna yawan lantarkin da niƙa shi zai ci. A ƙarshe a yi gwajin zagaye, inda ake mayar da matsakaicin gari, wanda bai kai tatacce ba kuma ba ragowa ba ne, cikin sabon samfuri sau biyar ko shida, domin shi ne ya fi kama da abin da zai faru a masana'anta. Kuma ka tura jarkoki na ainihin ruwan rijiyar da za ka yi aiki da ita, a yi gwajin ƙarshe da shi, saboda ruwa mai gishiri ko kanwa yana sauya halin kumfa.

Mataki na uku: ina tataccen garin zai tafi?

Wannan tambaya sai an amsa ta kafin a zana ko tukunya ɗaya. Idan siyanur yana cin tataccen garin, sai a ƙara niƙa shi a narkar a ƙaramin sashe mai katanga da daɓen siminti a gefen masana'antar. Idan ba ya ci, hanyoyin buɗe shi manya ne: a gasa shi, kamar yadda ake yi a mahaƙar Siyama ta ƙasar Mali, ko a ba ƙwayoyin bakteriya su cinye farar wutar a manyan tankuna, kamar yadda ake yi a Obuwasi ta Gana tun 1994. Babu ɗaya daga cikinsu da ya dace da mai tan 100 a rana, kuma gasa gari mai arsenik a fili kisan kai ne ga ma'aikata da maƙwabta. Abin da ya rage shi ne sayar da garin ga masu narkarwa a waje, waɗanda ke biyan wani kaso na zinariyar, su kuma cire tara idan arsenik ya yi yawa. Ka samu sharuɗɗansu a rubuce, ka lissafa kuɗin mota zuwa tashar jirgin ruwa da izinin fitarwa, sannan ka ga ko akwai riba. Zaiba kuwa ba ta da gurbi a wannan tsari ko kaɗan, ba ta kama zinariyar da ke kulle, ga kuma yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da zaiba da Nijar ta shiga.

Mataki na huɗu: girman masana'anta da lissafinsa

Girma yana fitowa ne daga yawan dutsen da ka tabbatar kana da shi. Tan 100 a rana na kwana 330 ya kama tan 33,000 a shekara, kuma ban ga hikimar kafa ƙarfe ba idan babu dutsen shekara biyar a ƙasa. Wanda zai dogara da sayen dutse daga ramukan hannu ya tuna cewa ba shi da iko a kansu. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu, hukuma kuma ta rufe wurin. Damina ma tana cika ramuka da ruwa wata uku ko huɗu. Masana'antar da ke tsaye rabin shekara ta fi wadda ba a gina ba cin kuɗi, don haka tan 50 da ke aiki kullum ya fi mini tan 200 da ke jiran mota.

Bari mu ɗauki tan 100 a matsayin misali, injin yana aiki awa 22 a rana, wato kimanin tan 4.5 a awa. Sashen fasa dutse ba ya bukatar dogon bayani: injin muƙamuƙi, sai na biyu mai mazugi, sai rariya da ke mayar da manya, har dutse ya koma kamar milimita 10. Ka sayi wanda zai gama aikin yini cikin awa takwas, ka gina rumbun da zai riƙe abincin yini guda, domin injin niƙa kada ya tsaya idan na fasawa ya lalace. Injin niƙa mai ƙwallayen ƙarfe shi ne zuciyar wurin kuma shi ne mafi cin lantarki. Idan ma'aunin Bond ya nuna 15, niƙa daga milimita 10 zuwa mikron 75 zai ci kusan kilowat-awa 16 a kowane tan, wanda a tan 4.5 ya haura kilowat 70, sai a ɗauki injin lantarkin da zai juya shi mai kilowat 90 ko sama. Kada ka yarda dillali ya faɗa maka injin yana cin tan kaza ba tare da ya faɗi a wane tauri da wane laushi ba. Ƙaramin injin niƙa ba ya gyaruwa daga baya, sai dai ka rage abinci ko ka saki gari mai tsakuwa.

Injin niƙa yana aiki da siklon, wanda ke tura mai laushi gaba ya mayar da mai kauri. A kan wannan hanyar komawa ake saka injin kama zinariya da nauyi, kuma ni ba na zana masana'anta babu shi. Ƙwayar zinariya da ta wuce kamar mikron 150 ta yi wa kumfa nauyi, takan zauna a cikin injin niƙa da famfuna tana laƙwashewa, daga nan kuma take bin hannun mutane.

Yanzu tukwane. Kunun da ya dace kashi ɗaya gari ne, kashi biyu ruwa, a nauyi. Tan 100 na gari yana cin wuri kamar mita kubik 37, ruwansa mita kubik 200, jimla 237 a rana, wato kusan lita 180 a minti idan an raba a awa 22. Lokacin da gwaji ya nuna ana ninka shi biyu zuwa biyu da rabi, domin babbar tukunya ba ta kai ƙaramar ta ɗakin gwaji kamu ba. Minti 10 ya zama 25. Lita 180 sau 25 ya ba da lita 4,500, a bar wa iska kashi 15 na cikin tukwane, ya zama kimanin lita 5,300. Kada ka sayi manyan tukwane biyu don cike wannan adadi, saboda wani kunun zai shiga ya fita bai jima ba. Jeri na shida zuwa takwas masu ɗaukar lita 1,000 kowacce ya fi, na farkon su kwashe mai kyau, na ƙarshen su kalato abin da ya tsere a mayar da shi baya. Tukwanen wanke tataccen gari ƙanana ne, mataki ɗaya ya isa. Idan a gida za ka narkar da shi ma kana iya barinsu, tunda kowane wanki yana zubar da ɗan zinariya. A gaban jerin a saka tankin gauraya magani na minti biyar, a kuma dasa komai a gangare domin kunu ya bi da kansa, kowane famfo da ka rage ka rage abin da zai lalace da dare.

Magunguna kaɗan ne. Na kamu shi ne zantat, za ka ga an rubuta PAX ko SIBX a buhu, giram 50 zuwa 150 a tan, kuma ya fi kyau a raba shi, kaso mafi yawa a tanki, saura a tsakiyar jeri. Na kumfa shi ne MIBC ko man fain, ƴan giram goma-goma a tan. Shuɗin gishirin tagulla yana farkar da firit da arsenofirit idan suna nawa. Kuskuren da na fi gani shi ne zuba ƙonanniyar farar ƙasa don an ga ana yi a tankunan siyanur. Idan pH, wato ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, ya haura 10 firit yana kwanciya, zinariya kuma ta kwanta tare da shi. Tsakanin 7 da 9 ya wadatar ga yawancin irin wannan dutse. Haka nan ko ɗigon siyanur ya dawo cikin ruwan tukwane zai kashe kamun, shi ya sa ruwan sassan biyu ba sa haɗuwa har abada. Zantat kuma ba ya jure zafinmu na Afrilu da Mayu: zafi da laima suna ruɓar da shi ya fitar da iska mai guba da ke kama wuta. A ajiye shi a inuwa, a busasshen ɗaki mai iska, nesa da walda, a dama na yini ɗaya kawai, kuma kada arhar sari ta sa ka sayi na shekara.

Mataki na biyar: ruwa, lantarki da ragowa

Mita kubik 200 ne ke zagayawa kullum, amma idan akwai tankin kwantar da laka da famfon dawo da ruwa daga tafki, abin da za ka ƙara sabo yakan tsaya tsakanin rabin mita kubik da mita kubik ɗaya a kowane tan. A ƙasarmu rana tana shanye fiye da mita biyu na ruwa a shekara daga buɗaɗɗen tafki, don haka tankin kwantar da laka yana biyan kuɗinsa. A kudancin Madarumfa dutse yana kusa da sama, rijiyoyin burtsatse ba su cika ba da ruwa mai yawa ba. Ka haƙa, ka ja ruwa kwana uku a jere cikin bazara ka auna, ka kuma duba ko rijiyar ƙauye ta sauka, tun kafin ka zuba harsashi.

Lantarkin duk wurin ka ƙiyasta shi ninki biyu na abin da injin niƙa ke ci. Layin NIGELEC na yankinmu daga Katsina yake samun wuta, kuma kowa ya tuna yadda aka kwana cikin duhu bayan yankewar watan Agusta 2023. Idan wuta ta ɗauke, kunu yana kwanciya a tukwane da bututu ya daskare, a kwashe awoyi ana haƙa da shebur. Janareta mai iya tayar da injin niƙa daga tsaye dole ne, kuma kuɗin gazuwal ɗinsa ya shiga lissafin kowane tan.

Ragowa kusan tan 30,000 ce a shekara, wadda za ta rufe eka ɗaya ta awon hekta da tsayin mita biyu. Kada a kai ta fadama ko kusa da wani ƙorama da ke zuba a Gulbin Maraɗi, inda ruwan ƙasa yake kusa kuma lambunan Jiratawa da tafkin Madarumfa suke sha. A zaɓi tudu, a daɓe ƙasan da yumɓu ko shimfiɗar roba, a gina bango da injiniya ya lissafa, a bar sarari a sama don ruwan Agusta, a haƙa lambatu a kewaye da zai kawar da ambaliya, a kuma huda ƙananan rijiyoyi a gangare ana auna ruwansu. Madatsar ragowa da ta fashe a Burumadinyo ta Burazil cikin Janairu 2019 ta kashe mutum 270. Da rani a riƙa jiƙa saman ragowar saboda iskar hunturu, a kuma kewaye wurin da waya saboda yara da dabbobi.

Takardu ana fara su ne tun lokacin gwaji: izini daga ma'aikatar ma'adinai bisa dokar ma'adinai ta 2022, binciken tasirin muhalli da hukumar BNEE ke dubawa, da takardar fili daga hukumar filaye bayan an zauna da mai gari da hakimi da masu gonaki. A cikin odar injuna a haɗa da kayan gyara na shekara guda, wato farantan cikin injin niƙa, ƙwallaye, fankokin tukwane, robobin famfo da bel, domin kwantena ko ta Kwatano ko Lome ko Legas watanni take yi. A rubuta cikin yarjejeniya cewa kason ƙarshe na kuɗi sai bayan masana'anta ta yi aiki da dutsenka ta kai adadin da aka yi alkawari.

Ranar tayarwa a fara da ruwa zalla a toshe yoyo, sannan a zuba dutse maras daraja na mako ɗaya ko biyu har ma'aikata su koyi karanta kumfa: a tukwanen farko ta zama mai nauyi da ƙyallin tagulla, a na ƙarshe ta koma fara mai saurin fashewa. Kowace awa a ɗebi samfuri a wuri uku, abin da ke shiga, tataccen gari da ragowa, a haɗa na kowane zubin aiki a auna. Idan mai shiga yana da giram 4 a tan, tatacce giram 40, ragowa giram 0.4, to tatacce tan 9 ne cikin 100 kuma an kama kusan kashi 91 na zinariyar, wato giram 364 cikin 400. Ranar da ragowa ta haura abin da gwajin zagaye ya nuna, a fara duba laushin niƙa da rariyar mikron 75, sannan pH, sannan a je a duba launin dutsen da motar jiya ta sauke, kafin kowa ya taɓa famfon magani.